Riyakta: Na'urar da ke riƙe linzamin wutar lantarki, daga tashar Benin zuwa shagunan Agege

Da safiyar Lahadi, 30 ga Yuni, 2019, babban layin wutar lantarki na ƙasa ya durƙushe, wuta ta ɗauke a sassan Najeriya. Bayanin da Kamfanin Dakon Wutar Lantarki na Najeriya, TCN, ya fitar a ranar ya nuna cewa ƙarfin wutar ne ya haura fiye da kima, bayan kamfanonin rarrabawa sun sauke kaya mai yawa daga kan layi a lokaci guda. Hawan ya tarwatsa wata na'urar kare tsawa a tashar kamfanin da ke kan titin Sapele a birnin Benin, ɓaraguzan tangaran ɗinta suka bugi wata babbar na'ura da ke kusa, ita kuma ta kama da wuta. Sunan wannan na'ura riyakta.

Tsakanin Benin da Agege akwai tafiyar kusan kilomita 300, amma a harkar lantarki maƙwabtan juna ne. Wani kaso na wutar da ke juya injin niƙa a Zangon Agege, da wadda ke sanyaya nama a mayankar Oko-Oba, ta tashar Benin yake biyowa. Saboda haka duk abin da ya sami riyakta a can, mai shago a nan ne zai biya kuɗinsa, da man janareta ko da kayan da suka lalace. Wannan ne ya sa ya dace a san mece ce na'urar, me take yi, kuma yaya ake girka ta.

Mece ce riyakta?

Da farko, ba ta da alaƙa da tukunyar nukiliya, wadda ita ma ake kira da wannan suna, irin ƙaramar ta bincike da ta fara aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a 2004. Riyakta ta layin lantarki naɗin waya ce kawai, ta jan ƙarfe ko alminiyam, da aka nannaɗe sau da yawa, wani lokaci a jikin ƙarfe, wani lokaci kuma babu komai a tsakiyarta sai iska.

Duk wanda ya taɓa buɗe gidan doguwar fitilar nan ta da, ya ga ƙanwarta. Ɗan ƙarfen nan mai nauyi da masu gyaran wuta ke kira cok, wanda ke yin ƙugi idan ya tsufa, riyakta ce ƙarama. Aikinsa shi ne hana fitilar jan wutar da ta fi ƙarfinta.

Don fahimtar yadda take aiki, sai an bambance abubuwa biyu da jama'a kan haɗa a baki. Akwai ƙarfin wuta, wanda ake aunawa da bolt, shi ne kamar matsin ruwa a cikin bututu. Akwai kuma kwararar wuta, wadda ake aunawa da amfiya, ita ce kamar yawan ruwan da ke wucewa. Wutar da ake rabawa a Najeriya ba ta tafiya ta fuska ɗaya. Tana zuwa tana komawa sau 50 a kowace daƙiƙa. Idan irin wannan wuta ta bi ta cikin naɗin waya, sai ta haifar da maganaɗisu, shi kuma maganaɗisun ya riƙa turje wa duk wani sauyi a kwararar. Masanin nan na Ingila, Michael Faraday, ne ya bayyana tushen wannan ɗabi'a a 1831. Wannan turjiya ita ce dukkan jarin riyakta.

Ana amfani da ita ta hanyoyi biyu. Idan aka jera ta a kan hanyar wuta, ta yadda dole sai wutar ta bi ta cikinta, tana rage ɓarnar da kwarara ke yi idan wayoyi suka haɗu. Idan kuma aka rataya ta a gefe, tsakanin layi da ƙasa, tana danne ƙarfin wuta kada ya haura. Wadda ta ƙone a Benin irin ta biyun ce.

Hanyar da wuta ke bi kafin ta isa Agege

Agege tsohon zango ne. Cinikin goro da na dabbobi ne ya kawo Hausawa, kuma layin dogo da ya tashi daga Legas ya ratsa garin, ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1912, shi ya ƙara ɗaure zumuncin. A yau sana'o'in unguwar da yawa sun rataya ne a wuyan lantarki: niƙa da markaɗe, walda, ɗinki, sayar da ruwan sanyi, ɗakunan sanyi na nama da kifi, da rijiyoyin burtsatse.

Wutar da suke sha daga nesa take fitowa. Akwai madatsun Kainji da Jebba da Shiroro, akwai tashar Egbin kusa da Ikorodu mai injina shida da aka gina don samar da megawat 1,320, akwai kuma tashoshin iskar gas na yankin Neja Delta. Ana ɗaga ƙarfin wutar zuwa bolt 330,000, wato kilobolt 330, domin ta yi tafiya mai nisa ba tare da hasara mai yawa ba. Ɗaya daga cikin manyan mahaɗun waɗannan layuka ita ce tashar Ikeja West da ke Ayobo, yamma da Agege. Daga nan ne ma layin da ke kai wuta Sakete a Jamhuriyar Benin ya tashi, wanda aka buɗe a 2007.

A irin wannan tasha ake sauke wutar zuwa kilobolt 132, ta wuce tashoshi irin na Ogba da Alimosho, a sake sauke ta zuwa 33. Daga nan kamfanin Ikeja Electric, ɗaya daga cikin kamfanonin rarrabawa da aka miƙa wa 'yan kasuwa a watan Nuwamban 2013, ke karɓa, ya mayar da ita kilobolt 11, kafin taransifomar unguwa ta sauke ta zuwa bolt 230 da ake amfani da shi a gida. Matakan nan a ɗaure suke da juna. Idan na sama ya haura, na ƙasa ma zai bi shi, sai dai gwargwadon abin da na'urorin daidaitawa da ke jikin manyan taransifomomi suka iya ragewa.

Me ya sa ƙarfin wuta ke hawa idan babu masu ja?

A hankalce, mutum zai ɗauka cewa wutar da ta yi doguwar tafiya za ta isa a gajiye. Haka ne idan layin yana ɗauke da kaya. Idan babu kaya kuwa, akasin haka ke faruwa: ƙarfin wutar a ƙarshen layi yakan fi na farkonsa. An fara lura da wannan ne a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da injiniya Sebastian de Ferranti ke shimfiɗa wayoyi masu bolt 10,000 daga tashar Deptford zuwa tsakiyar birnin Landan. Har yau da sunansa ake kiran lamarin.

Dalilin yana cikin wani nau'in wuta da za a iya kira wutar kai-komo. Ba ta haska ɗaki, ba ta dafa ruwa. Tana kaiwa da komowa ne tsakanin na'urori, kamar canjin da ke yawo tsakanin mai shago da masu saye: ba riba ba ne, amma ciniki ba ya tafiya sai da shi. Duk moto mai juya inji ko fanka ko famfo yana buƙatar ta domin gina maganaɗisunsa. Ma'auninta shi ne megabar, wanda a takardun TCN ake rubutawa MVAr ko MX.

Dogon layi kuwa da kansa yake haifar da wannan wuta, domin wayoyinsa da ƙasar da ke ƙarƙashinsu suna aiki kamar wata doguwar kafasita. Kowane kilomita na layin 330 yana fitar da kimanin megabar 0.4. Layi mai tsawon kilomita 250 ke nan yana fitar da kusan megabar 100, ko ana so ko ba a so. Idan layin yana ɗauke da kaya sosai, kamar megawat 350 zuwa 400, shi da kansa yake shanye abin da ya haifar. Amma idan dare ya raba masana'antu suka rufe, ko ruwan sama ya sauko ƙananan layukan unguwanni suka faɗi, sai rarar ta rasa mai sha, ta ɗaga ƙarfin wutar.

Lissafi ya nuna cewa layi mai kilomita 300 da aka bari babu kaya, ƙarfin wutar a ƙarshensa zai haura da kusan kashi 5 cikin 100. Ka'idar layin Najeriya kuwa ta amince ne da kashi 5 sama ko ƙasa a kan kilobolt 330, wato daga 313.5 zuwa 346.5. Ke nan tsawon layi kaɗai ya isa ya cinye dukkan sararin da doka ta bari. Layin Kainji zuwa Birnin Kebbi ya kai wannan tsawo, na Kaduna zuwa Kano ma ya haura kilomita 200.

Babbar motar da ta sauke buhunan goro ta fi tsalle a kan hanya. Riyakta ita ce nauyin da ake ɗora wa layi idan ya sauke kayansa. Wadda ta ƙone a Benin mai megabar 75 ce, wato tana shanye abin da layi mai kusan kilomita 190 ke fitarwa.

Yadda ake girka babbar riyakta

Aikin yana farawa ne a kan tebur. Injiniyoyi kan yi lissafin layin baki ɗaya a kwamfuta, su gano inda ƙarfin wuta ke haurawa da lokacin da yake haurawa, sannan su tsayar da girman na'urar da wurin da za ta zauna. Wadda ta yi ƙanƙanta ba za ta riƙe ba. Wadda ta yi girma kuma za ta danne wutar har ta zo wa jama'a babu ƙarfi.

A ido, babbar riyakta tana kama da taransifoma: tankin ƙarfe cike da mai, da fukafukan sanyaya shi a gefe, da dogayen ƙahonnin tangaran a sama inda wayoyi ke shiga. Bambancin yana ciki. Taransifoma tana da naɗi biyu ko fiye a kowane fes, ɗaya na karɓa ɗaya na bayarwa. Riyakta naɗi ɗaya gare ta a kowane fes, kuma ƙarfen da aka naɗa wayar a jikinsa an yanyanka shi, an bar giɓi a tsakani.

Ana kawo ta ne daga masana'anta ba tare da man ba, a cika tankin da busasshiyar iska ko iskar naitirojin domin kada danshi ya shiga. A jikinta akan ɗaura wata 'yar na'ura mai rubuta duk girgizar da ta sha a jirgin ruwa da kan titi. Kafin a karɓe ta sai an duba wannan rubutu, domin bugu ɗaya a rami yana iya gusar da abin da ke ciki ba tare da an ga alama a waje ba.

Harsashinta na kankare ne mai ƙarfi, saboda giɓin da ke cikin ƙarfenta yana sa ta rawa sau 100 a daƙiƙa muddin tana aiki, kuma wannan rawa tana kwance kusoshi tana tsaga bututu idan ba a ɗaure su da kyau ba. A ƙarƙashinta ana haƙa rami a zuba tsakuwa, domin idan mai ya zube ya gangara ciki maimakon ya bazu yana ci da wuta. Tsakaninta da na'urorin da ke kusa ana gina katangar tare gobara. Abin da ya faru a Benin, inda fashewar wata na'ura ta shafi maƙwabciyarta, ya nuna amfanin tazara da katanga.

Bayan an ɗora ta, sai a haɗa fukafukai da ƙahonni da tankin ajiyar mai da ke sama. Daga nan a zuƙe iskar ciki gaba ɗaya da injin zuƙa, a tace man da zafi domin fitar da ruwa da kumfa, a zuba shi a hankali, sannan a bar shi ya kwanta na wani lokaci kamar yadda masana'anta ta tsara. Danshi shi ne babban abokin gabar wannan aiki, musamman a wuri mai laima irin Legas. Shi ya sa iskar da tankin ke shaƙa take bi ta cikin wani gilashi mai ƙwayoyin silika, waɗanda ke sauya launi idan sun sha ruwa, alamar lokacin canza su ya yi.

Haɗa wayoyi da matakan kariya

Layin lantarki fes uku gare shi, waɗanda masu aikin ke kira ja da rawaya da shuɗi. Kowane fes yana shiga naɗinsa ta ƙahonsa. Sauran bakunan naɗin uku kuma ana haɗe su wuri ɗaya, a kai mahaɗar ƙasa, ko kai tsaye ko ta cikin wata ƙaramar riyakta ta huɗu. Ita ta huɗun tana taimakawa wajen kashe tartsatsi idan tsawa ta bugi fes ɗaya, ta yadda za a iya mayar da shi cikin gaggawa.

Akwai wurare uku da ake iya rataya ta. Ana iya haɗa ta da bakin layin kansa, ta riƙa shiga da fita tare da shi. Ana iya haɗa ta da babbar sandar da layukan tasha ke haɗuwa a kai, a ba ta makunninta na kanta. Ana kuma iya haɗa mai ƙaramin ƙarfi da naɗi na uku na babbar taransifoma.

Tsakanin sandar da riyakta ana jera na'urori bisa tsari: wuƙar raba layi, wadda ido ke iya ganin ta buɗe, babban makunni mai katse wuta, na'urar auna kwarara, sai na'urar kare tsawa, wadda dole ta zauna kusa da ƙahonnin domin ta karɓi bugun kafin ya isa naɗin. Tankin da duk wani ƙarfe da ke wurin ana haɗa shi da ragar jan ƙarfe da aka binne a ƙarƙashin tashar.

Ƙananan wayoyin kariya ba su gaza manyan muhimmanci ba. Akwai na'urar da ke kwatanta wutar da ta shiga naɗi da wadda ta fita, ta katse nan take idan sun bambanta. Akwai ta Buchholz, da ke zaune a bututun mai, tana kama iskar da ke tasowa idan wani abu ya fara ƙonewa a ciki. Akwai ma'aunin zafin mai da na naɗi, da murfin da ke buɗewa idan matsi ya yi yawa. Idan aka juya bakin waya ɗaya tak a na'urar auna kwarara, kariyar za ta katse wuta babu dalili, ko ta yi shiru ranar da ake buƙatar ta. Saboda haka kafin a kunna, ana gwada kowace waya ɗaya bayan ɗaya, a auna ƙarfin rufin naɗin, a kai samfurin man ɗakin gwaji.

Akwai kuma riyakta marar mai, wadda ke tsaye a fili kamar ganga a kan ƙafafun tangaran. Ita ba ta da tankin da zai tsare maganaɗisunta, don haka duk ƙarfen da ya zagaye ya haɗe baki kusa da ita zai ɗauki zafi. Rodin harsashinta, da shingen da ke kewaye da ita, da wayar ƙasa, duk sai an tsara su ta yadda babu wanda ya zama zobe.

Kunnawa da kashewa

Taransifoma tana hutawa idan masu ja sun ragu. Riyakta ba ta da wannan hutu. Daga lokacin da aka kunna ta, cikakken kayanta take ɗauka. Mai megabar 75 a kan kilobolt 330 tana jan kusan amfiya 130 a kowane fes. Idan ƙarfin wuta ya haura da kashi 5, abin da take sha yakan ƙaru da kusan kashi 10. Ranar da aka fi buƙatar ta ita ce ranar da ta fi shan wahala.

Kashe ta ma yana da haɗari. Tun da ɗabi'arta ita ce turje wa sauyi, idan makunni ya yanke kwarara farat ɗaya, sai ta mayar da martani da ƙarfin wuta mai tsanani wanda ke iya huda rufin naɗinta. Don haka makunnan zamani suna da na'urar da ke zaɓar daidai lokacin da za a buɗe kowane fes.

Umarnin kunnawa da kashewa yana fitowa ne daga cibiyar sarrafa layin ƙasa da ke Osogbo. Da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa ƙarfin wuta ya faɗi, ana cire riyakta a saka kafasita, wadda ke yin kishiyar aikinta. Da tsakar dare sai a juya. A yau akwai riyakta da ake iya ƙara ko rage ƙarfinta tana kan aiki, da na'urorin zamani masu daidaitawa da kansu cikin ƙiftawar ido, sai dai sun fi tsada.

Wannan ne kuma ɗaya daga cikin dalilan da ke sa dawo da wuta bayan durƙushewar layi ke ɗaukar sa'o'i. Dole a riƙa kunna dogayen layuka alhali babu kaya a kansu, wato a yanayin da ƙarfin wuta ya fi saurin haurawa. Sai an bi tasha bayan tasha, ana saka riyakta, ana ƙara kaya kaɗan-kaɗan, kafin wuta ta iso Ayobo, balle ta shiga Agege.

Ƙananan riyakta a shaguna da masana'antu

Ba a manyan tashoshi kaɗai ake samun ta ba. Gidajen burodi, masana'antun ruwan leda, ɗakunan sanyi da masu burtsatse da dama suna amfani da na'urar sarrafa gudun moto. Irin wannan na'ura tana jan wuta a fizge-fizge, abin da ke gurɓata wutar layin, kuma hawan wuta na farat ɗaya yana saurin ƙona ta. Maganin shi ne ƙaramar riyakta mai fes uku, galibi mai kashi 3 ko 5, da ake sakawa tsakanin makunni da bakin shigar na'urar. Bakuna shida gare ta, uku na shiga uku na fita, kuma kowane fes dole ya fita ta naɗin da ya shiga. Ana zaɓar ta ne bisa amfiyar da na'urar ke ja. Idan wayar da ke zuwa moton doguwa ce, kamar ta famfon da ke can ƙasan rijiya, ana ƙara wata a bakin fita domin kare naɗin moton.

Masana'antun da ke saka kafasita domin rage wutar kai-komo da suke ja su ma suna buƙatar ta. Kafasita ita kaɗai tana iya haɗa baki da taransifoma su riƙa ƙara wa gurɓatar ƙarfi, musamman mai bugu 250 a daƙiƙa, har kafasitar ta kumbura ta fashe. Riyakta mai kashi 7 da aka jera da ita tana mayar da wannan haɗuwa zuwa bugu 189, inda babu abin da zai tayar da ita. Sai dai tana ɗaga ƙarfin wutar da ke kan kafasitar da sama da kashi 7, don haka wadda aka yi don bolt 415 ba za ta daɗe ba; sai an sa mai jure fiye da haka.

Ƙa'idojin aikin ba su da wuya, amma sakaci da su yana kashewa. Riyakta tana zafi, tana buƙatar iska, ba a matse ta da kafasita ko wayoyi. Ƙarfenta sai an haɗa shi da wayar ƙasa. Kusoshin bakunanta sai an ɗaure su tamau an kuma riƙa dubawa, domin sako-sakon haɗi ne mafarin yawancin gobarar allon wuta. Kafasita kuma tana riƙe wuta bayan an kashe makunni, don haka sai an jira an auna kafin a kai hannu.

Abin da riyakta ba ta magancewa

Ba duk wutar da ta zo da ƙarfi ta ƙona talabijin da firji ce ta samo asali daga manyan layuka ba. A unguwanni masu cunkoso, sanadin da aka fi gani yana kusa da gida: tsinkewar waya ta huɗu, wadda ake kira nutural, ko sace ta a jikin taransifoma. Idan ta tsinke, gidajen da ke fes mai kaya da yawa sai wutarsu ta dushe, na fes mai kaya kaɗan kuma tasu ta haura, har ta doshi bolt 400. Alamar a bayyane take: fitilar wani gida tana haske kamar rana, ta maƙwabcinsa kamar garwashi. Abin yi shi ne a kashe babban makunnin gida nan take, a sanar da kamfanin rarrabawa. Babu riyakta ko sitabilaizar da za ta maye gurbin wayar da ta tsinke.

Haka nan al'adar hawa falwaya a canza fes duk lokacin da wuta ta yi rauni tana tara kaya a fes ɗaya, ta gajiyar da taransifoma, ban da rayukan da ake rasawa a kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wa ke da alhaki?

Manyan riyakta na layin 330 suna hannun TCN. A 2024 Hukumar Kula da Harkokin Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ba da umarnin ware aikin sarrafa layin zuwa wata hukuma mai zaman kanta, NISO. An daɗe ana musayar yawu tsakanin ɓangarorin harkar: TCN na zargin kamfanonin rarrabawa da sauke kaya, su kuma suna nuna raunin layukan dako. A fannin kimiyya, duka biyun suna haɗuwa ne a wuri ɗaya. Kayan da aka sauke farat ɗaya ne ke ɗaga ƙarfin wuta, isassun riyakta masu lafiya kuma su ne ke riƙe shi.

Duba sabon aikin lantarki da gwada shi kafin a kunna yana wuyan hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, kuma ita ce ke ba masu haɗa wayoyi takardar shaidar ƙwarewa. Mai gidan burodi ko ɗakin sanyi a Agege da zai saka na'urar sarrafa moto ko allon kafasita yana da haƙƙin neman ganin wannan takarda, ya kuma tambaya ko an sa riyakta, da girmanta, da inda wayar ƙasa ta bi. Kuɗin ƙaramar riyakta bai kai na na'urar da take karewa ba, balle na naman da zai ruɓe kafin a samo wata.